Kaka A Garin Kakanni: Abin Da Hoto Ya Nuna Da Wanda Ya Ɓoye

  

'Yar'uwa, sau nawa kika zauna da daddare, bayan kin gama lissafin kuɗin haya da na makaranta da na cefane, kika yi ajiyar zuciya kika ce, "Ni da za mu koma garinmu da na huta"? In kin taɓa faɗin haka, to ki gyara zama, domin ni ma na shafe shekaru ina faɗa, har Allah Ya nufa na koma ɗin. Yau shekara guda ke nan da 'yan makonni. Labarin da zan ba ki na hotunan da na riƙa ɗauka ne da 'yar wayata tun daga ranar da muka tashi, da yadda suka kusa jefa ƙanwata cikin nadama, alhali ko kalma ɗaya ta ƙarya ban faɗa mata ba.

Ni dai a Kano aka haife ni. A nan na yi firamare da sakandare da kwalejin horon malamai, a nan kuma aka yi mini aure. Amma mahaifina mutumin wani ƙauye ne da ke gabas da Haɗeja a jihar Jigawa, can inda tudu ya haɗu da fadama. Muna yara, duk shekara in aka ba da hutun watan Disamba sai ya kwashe mu ya kai mu wajen kakarmu. Kin san kuwa wannan lokaci shi ne ƙarshen kaka. Mukan tarar an gama yankan dawa, rumbuna sun cika har ana neman inda za a jibge saura. Shanu sun sauko gonaki suna cin kara, saboda haka nono ya wadata. Ga bandar kifi, ga gyaɗa, ga takanɗa, kusan kowane mako da biki a gari, da dare kuma mu jiyo kiɗan dambe daga bayan gari. Mu yi mako biyu a dawo da mu da buhun tsaraba.

Wannan shi ne garin da na girma da shi a zuciyata. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba cewa a cikin makonni 52 na shekara, biyu kawai na sani, kuma biyun nan su ne na cikar rumbu.

Maigidana ɗan'uwana ne, garinmu ɗaya, kuma yana da gonar gado a can. Tun farkon aurenmu nake yi masa naci, shi kuma ya yi murmushi ya ce, "Malama, hangen Dala ba shiga birni ba ne." Sai da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi, mai gidan da muke haya shi ma ya yi ƙari, sannan ya fara sauraron maganata. A hankali ya gina ɗakuna uku a filin mahaifinsa, ni kuma aka yi mini alkawarin aji a Islamiyyar garin. A tsakiyar watan Oktoban 2024 muka loda kayanmu a kanta, muka yi sallama da maƙwabta ana ta koke-koke.

Tun daga Gezawa na fito da waya. Ta tagar mota na fara ɗauka, duk hotunan suka fito a jirkice, bishiyoyi kamar an shafa su da hannu. Da muka wuce Gujungu sai na kasa haƙuri, na roƙi maigida ya sa direba ya tsaya. Dawa ce hagu da dama, ta fi tsayin mutum, zangarniya ta yi nauyi ta sunkuyo, wata fara wata ja wata ruwan ɗorawa. Can gefe an yanke riɗi an tsayar da shi dami-dami yana shan iska. Direba yana ta gunaguni wai zai yi dare, ni kuwa ina tsaye a bakin hanya ƙarangiya ta cika mini gefen zane ban ma sani ba. Babban ɗana, mai shekara 11, ya biyo ni ya nuna dawa ya ce, "Umma, wannan ce masarar da ba ta da riga?" Aka yi ta dariya, amma ni abin ya tsaya mini a rai. Jikan manoma ne gaba da baya, bai san dawa ba.

Makonnin farko kullum da sassafe, bayan na sallami yara, sai na zagaya bayan gida kafin rana ta yi zafi. 'Yar'uwa, in ba ki taɓa ganin safiyar kaka a karkara ba, akwai abin kallon da ya wuce ki. Raɓa takan kwanta a kan saƙar gizo-gizo kamar an jera duwatsun wuya. Ciyawar kyasuwa, wadda a damina ba wanda ke kallonta, kanta yakan rikiɗe ya yi ja-ja, in hasken yamma ya ratsa ta sai ki ce an watsa wa filin lalle. Zoɓo ya nuna ya yi jawur a jikin karansa. A kududdufai bado ya shimfiɗa ganye a kan ruwa, farin furensa a buɗe. Balbelu suna bin ƙafar shanu suna caɓe fara. A kalandun da muke ratayawa a ɗaki muna yara nakan ga hoton kakar Turai, inda ganyen itatuwa ke komawa ja da ruwan ɗorawa kafin ya zube, ina ta sha'awa. Ashe mu ma muna da namu launukan, sai dai yawancinsu a gona suke, kuma ana cin su.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina tsuntsaye ne. A kan wata tsamiya da ke ƙofar gidan mai gari akwai manyan sheƙuna na shamuwa, amma ko ɗaya ban tarar ba. Wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin gandun daji, shi ya yi mini bayani cewa shamuwa da farkon damina take zuwa, ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, ruwa na ɗaukewa ta kama hanyar gabashi da kudancin Afirka. Tana tafiya kuma sai wasu baƙin su iso daga arewa. Ƙananan agwagin ruwa da wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu sukan gudo wa sanyin Turai da Rasha, su ƙetare teku da hamadar Sahara, su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru wajen Oktoba da Nuwamba. A nan za su zauna tare da kirinjijiya da ɗinya da zalɓen da muka saba gani, sai wajen Maris ko Afrilu su juya. Ya ce saboda waɗannan tsuntsaye ne duniya ta san yankinmu. Akwai yarjejeniyar kare fadamu da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, kuma tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerinta, a shekarar 2000. Fadamar Baturiya ta biyo baya a 2008. Har mijin tsohuwar Sarauniyar Ingila, Yarima Filib, ya taɓa zuwa Dagona ta jihar Yobe a 1989 don ganinsu. Na yi shiru ina jin kunya, ga ni da takardar shaidar malanta, amma sai a bakin maƙwabci na ji wannan.

To, duk hoton da ya yi kyau sai na tura zauren WhatsApp na danginmu. Yabo ya yi ta zuwa. Wata ta ce na shiga aljannar duniya, wata ta ce har na yi ƙiba a murya. Ni ma abin yana yi mini daɗi, don dama akwai waɗanda suka ce ba zan yi wata guda ba zan gudo. Rannan sai ƙanwata ta kira ni cikin murna ta ce, "Yaya, ai na shawo kansa. Ya yarda zai sayar da gidan da adaidaita sahun, mu ma mu taho kafin azumi." Gidan nan ɗaki biyu ne a bayan gari, amma nasu ne, shekara tara suna gina shi. Adaidaita sahun kuma da ita suke ci. Wallahi a lokacin ban ga aibin abin ba, har na fara duba musu fili.

Goggo ce ta farkar da ni, yayar mahaifina, wadda tun da aka haife ta ba ta taɓa yin wata guda a wajen garin ba. Na je gaishe ta na ba ta labari, na miƙa mata wayar ina turo mata hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙura ido ta daɗe, sannan ta ce, "'Yar nan, wannan wane gari ne?"

Na ce, "Garinku ne mana, Goggo. Ga kududdufin bayan gidanku nan."

Ta ce, "A'a. Wannan dai amarya ce ranar da za a kai ta. Ina layin rijiya? Ina ɗakunan da ruwa ya ci? Da kika tsaya ɗaukar badon nan, me ke bayanki?"

Na san abin da ke bayana. Katanga ce mai zanen ruwa har ƙugun mutum, da kangon ɗakuna biyu da ambaliyar 2022 ta rusa, masu su ba su samu halin tayarwa ba. A hoton kwalekwalen da aka fi yabawa kuma, da gangan na karkatar da wayar don kada kachala ta fito.

Bari na ɗan yi miki bayanin kachala, don ita ce babbar damuwar mutanen wannan yanki. Doguwar ciyawa ce mai tsiro cikin ruwa, ta fi mutum tsayi. Kogin Kano da na Challawa, waɗanda muke shan ruwansu a birni, su ne ke haɗuwa su bi ta Wudil su zama kogin Haɗeja. A da ruwan yakan cika fadama a damina ya janye a rani, ƙasa ta bushe. Bayan da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, sai tafiyar ruwan ta canja, wasu mashigai suka daina bushewa. Kachala kuwa abin da take so ke nan. Ta bazu ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, in ruwa ya zo da yawa ya rasa hanya sai ya faɗa cikin gari. A cikinta kuma janbaki ke kwana, tsuntsayen nan da ke sauka a gona kamar hadari su tashi su bar manomi da kara. Duk wannan yana nan taku kaɗan daga inda nake tsayawa, amma ko a hoto ɗaya bai fito ba.

Goggo ta ce, "Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. In dai gaskiya kike so ki nuna wa 'yar'uwarki, ki zaɓi wuri ɗaya ki riƙa ɗaukarsa duk wata, har kaka ta zagayo. Ita kuma ki ce ta dakata, ta zo da ƙafarta a bazara."

A daren na kira ƙanwata. Ba ta ji daɗi ba, har ta ce ko dai ba na son ta zo ne. Na haɗiye, na roƙe ta ta ba ni wata shida kawai.

Wurin da na zaɓa bakin gonar maigida ne, inda wani gawo da wata kuka suke tsaye kusa da juna, ana hango rumbunan gari a bayansu. Akwai suri a gefe, a jikinsa nake jingina ranar 1 ga kowane wata, da misalin ƙarfe 7 na safe. A hoton Nuwamba kuka ta fara zubar da ganye, shi kuwa gawo sai tohowa yake yi. A na Janairu hazo ya rufe rumbunan gaba ɗaya, rana ta zama kamar farin faifai, leɓunan yarana duk sun tsage. A na Maris, wanda ya zo daidai da azumin 2025, ƙasa ta koma fari fat, kuka tsirara kamar an kife ta saiwa a sama. Samarin gari kusan duk sun tafi cin rani, ajina na manya ya cika da matan da mazajensu ke Legas da Fatakwal. A na Afrilu zafi ya haura digiri 40, famfon tuƙa-tuƙa ɗaya ya lalace, layin jarkoki a ɗayan ya kai har bakin masallaci. A hoton nan babu wani kore sai gawo, tumaki da awakin gari duk sun taru a inuwarsa suna tsintar 'ya'yansa da suka zubo.

Sai da na yi wannan zagaye na gane dalilin da ya sa manoma ba sa saran gawo. Shi dai itace ne mai saɓa wa sauran: ruwa na sauka ya zubar da ganye, ruwa na ɗaukewa ya yi sabo, domin saiwarsa tana nutsawa can ƙasa inda danshi yake. Saboda haka a damina ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki. Dangin wake ne, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, shi ya sa geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na sauran gonar tsayi da kauri. A hoton Yuli kowa zai ga haka: gawo ya bushe ƙayau kamar matacce, gero a gindinsa ya yi baƙi-ƙirin don kyau, kuka ta yi lullumi, shamuwa kuma ta dawo kan tsamiyarta.

Akwai dare ɗaya da ba shi da hoto, kuma shi ne ya fi zauna mini a rai. Cikin watan Agusta autata, mai shekara 3, ta tashi da zazzaɓi mai zafi har tana fizge-fizge. Ɗakin shan maganin da ke kusa da mu a rufe yake da dare, ruwa kuma ya yanke hanyar mota. A kan babur muka fita, ni da maigida da yarinya a tsakiya, wani wurin mu sauka mu ratsa ruwa da ƙafa. Tafiyar da a rani ba ta wuce minti 40, sai da muka yi fiye da awa 2. Allah Ya yi da sauran kwana, aka yi mata allurai ta farfaɗo. A bakin gadon asibitin na ce wa maigida ni dai mu koma Kano. Bai ce mini komai ba sai sannu. Da muka dawo gida na tarar matan unguwa sun yi wa sauran yaran wanka, sun ciyar da su, sun ɗebo mini ruwa sun cika randuna, wata ma ta kwana a ɗakina. Ranar 1 ga Satumba na sake zuwa na jingina da surin.

Ƙanwata ta zo a hutun Afrilu da niyyar kwana 10, ta yi 6 ta ce ta ga abin da ta gani. Ba su sayar da gidan ba. Tumaki biyu suka saya suka bar mana kiwo, mijinta kuma ya karɓi aron 'yar gona, yana zuwa shuka da girbi. Ta ce wata rana za su dawo, amma sai yara sun gama sakandare. Ni kuma ina nan, ban yi nadama ba. Ba na biyan haya, tuwon da muke ci daga gonarmu yake, yarana sun san danginsu, ɗan nan da bai san dawa ba yanzu yana bambanta kaura da farfara tun daga nesa. Sai dai garin da nake zaune a ciki ba shi ne wanda na yi shekaru ina mafarki ba, kuma sai da na haƙura da wancan sannan na iya zama da wannan.

Saboda haka 'yar'uwa, in kina da irin wannan buri, ga abin da zan ce miki. Na farko, kada ki yanke shawara da abin da kika gani a kaka ko a bikin sallah. Ki je ki kwana bakwai a bazara, ki sake zuwa a tsakiyar damina. Na biyu, ki tambayi abu huɗu tun kafin a ɗaura kaya: ina ake samun ruwan sha a watan Afrilu, ina asibitin da ke buɗe da dare kuma yaya hanyarsa take a watan Agusta, wace makaranta yara za su shiga, sannan yaya zaman lafiyar yankin yake. Mata za ki tambaya, don su ke ɗibar ruwan, su ke goyon marar lafiyar. Na uku, kada a sayar da abin da ake ci da shi ko inda ake kwana sai an ga shekara ta zagayo. In da hali a ba da gidan haya. Na huɗu, ki tafi da gidan sauro na kowa da kowa, ki tabbata yara 'yan ƙasa da shekara 5 suna karɓar maganin riga-kafin zazzaɓin da ake rabawa a watannin damina. Ki kuma hana su wanka a kududdufi komai kyansa, domin a irin wannan ruwa ake ɗaukar tsargiya. Na biyar, ki shiga garin a matsayin mai koyo. Takardunki ba za su gaya miki wace rijiya ce ke da gishiri ba.

Ga mai sha'awar ɗaukar hoton kaka kuwa, ko a ƙauye take ko ziyara ta je, ba sai da babbar kyamara ba, wayar hannunki ta isa. Ki fita da sassafe, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 8, ko kuma bayan la'asar sakaliya, don hasken tsakar rana yana kashe launi. Ki bar rana a bayanki ko a gefenki. Amma in ciyawa ce ko raɓa, gwada ki fuskanci ranar kaɗan, za ki ga gefen abin yana ƙyalli. Kafin kowane hoto ki goge idon kyamarar da gefen mayafi mai laushi, saboda ƙurar wannan lokaci da maiƙon hannu su ne ke sa hoto ya yi dishi-dishi. Ki riƙe wayar da hannu biyu, ki manne gwiwar hannu a jikinki, ki taɓa fuskar wayar daidai kan abin da kike so ya fito sosai, sannan ki danna. Kada ki riƙa jawo hoto da yatsu, yana fashewa. Ki taka ki matsa kusa, in abin a ƙasa yake ki durƙusa. Tsuntsu kuwa ba a bin sa. Ki samu wuri ki zauna shiru da tufafi marasa ƙyalli, shi zai matso da kansa.

Ki sa takalmi rufaffe, ki kuma duba inda za ki taka, musamman kusa da tarin kara da harawa, domin lokacin girbi yana cikin lokutan da aka fi samun saran maciji, kin kuwa san kububuwa ba a banza ake ce mata gobe-da-nisa ba. Sannan ki kiyaye haƙƙin mutane. Kada ki ɗauki matar wani tana sussuka ko shiƙa ba da izininta ba, balle ki watsa. Ni kaina wata maƙwabciya ta taɓa hana ni ɗaukar dammunansu, ta ce, "Malama, ba a ƙirga wa mutum arzikinsa a bainar jama'a." Gaskiyarta ne, kuma a wannan zamani nuna wa duniya inda rumbu yake ba hikima ba ce.

Daga ƙarshe, kada ki bar hotunan a waya kawai, waya tana faɗawa ruwa, tana ɓata. Ki zaɓi masu kyau ki kai a wanke miki. A bayan kowanne ki rubuta kwanan wata da wurin, da sunan itacen ko tsuntsun kamar yadda tsofaffin garin ke kiransa. Ni na sayi littafi mai ganye 40 na manna nawa, ni da yara muka bi Goggo tana faɗa muna rubutawa: kanya, aduwa, magarya, marke, ɗorawa, goruba, har da waɗanda ta ce a da akwai su a bayan gari yanzu babu ko ɗaya. Waɗannan mun bar musu shafi babu hoto, suna kawai. Hotunan gawo 12 kuwa suna jere a bangon ɗakina, duk baƙuwar da ta zo daga birni ta ce ita ma tana son dawowa, nakan kai ta gabansu, na fara mata daga na Afrilu.

Allah Ya ba mu kaka mai albarka, Ya sa mu ci cikin lafiya da kwanciyar hankali, Ya zaunar da kowacce a inda ya fi mata alheri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. A shafa mini kan yara.